Kafin ka tura saƙon "an gano maganin kansa", ka ji labarin silvestrol

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, na san kun sha cin karo da irin saƙon nan a WhatsApp ko TikTok: "Masana sun gano bishiyar da ke kashe kansa!" Kafin ka karanta layi na biyu, ka riga ka tura wa guruf uku. To, tsaya mu ɗauki misali guda na gaske.

A cikin kowace ƙwayar halittar jikinka, DNA ce ke ajiye umarni, RNA kuma ita ce ɗan aiken da ke kai saƙon wurin da ake haɗa furotin. Sai dai saƙon yakan naɗe kamar zaren da ya cukurkuɗe. Akwai wasu furotin da ake kira helikes, aikinsu warware shi. Ɗaya daga cikinsu sunansa eIF4A.

A 2004 masu bincike suka bayyana wani sinadari mai suna silvestrol, wanda aka samo daga bishiyar Aglaia a Indonesiya. Yakan manne eIF4A a jikin RNA, ya hana shi aikinsa. Da haka masana ke rufe wannan ƙofa da gangan, su ga waɗanne furotin ne za su daina fitowa. Ƙwayoyin kansa na dogara sosai da eIF4A, shi ya sa sinadarin ke hallaka su a ɗakin gwaji. A 2017 ma, masu bincike a Marburg ta ƙasar Jamus sun nuna yana dakile yaɗuwar cutar Ebola a cikin ƙwayoyin da aka raina a kwano.

Duk wannan gaskiya ne. Amma lafiyayyun ƙwayoyin jikinka ma da eIF4A suke aiki. Abin da ya kashe kansa a kwano zai iya yi wa mutum illa, kuma sai an shafe shekaru ana gwaji kafin a san adadin da jiki zai ɗauka. Har yau silvestrol bai zama maganin da likita ke rubutawa ba.

Abin da ke damuna shi ne wanda saƙon zai faɗa hannunsa. Wata uwa mai kansar mama tana iya karantawa, ta bar asibiti ta koma shan saiwoyi, a dawo da ita bayan ciwo ya ci jiki. Kai kuma da ka tura ba za ka taɓa sani ba.

Don haka idan ka ga irin wannan labari, ka tambayi kanka: a kwano aka gwada, a kan ɓera, ko a kan mutane? Idan babu amsa a cikin saƙon, don Allah ka bar shi a wayarka.