Simintin ƙashi da tsofaffinmu: shirin da ya kamata sabon asibitin Kafanchan ya yi

A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, gwamnatin Jihar Kaduna kuma ta miƙa Asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa domin ya zama mazauninta. Yanzu sauran aikin da ba a yi wa biki: tsara sassa, rubuta kasafi da sayen kaya. Da yawa daga cikin waɗannan takardu ta teburan ma'aikatan Abuja za su bi, shi ya sa nake son jawo hankalinsu ga abu guda mai kama da ƙarami, wato irin ƙarfen da za a riƙa sa wa wanda aka canza wa gaɓar kwatangwalo.

Hanya biyu ake kafa wannan ƙarfe a cikin ƙashin cinya. Ta farko ita ce a liƙe shi da simintin ƙashi, wani garin roba da ake kwaɓawa a ɗakin tiyata, ya daskare cikin 'yan mintuna, ya cike tsakanin ƙarfe da ƙashi. Ta biyu ita ce a cusa ƙarfe mai kaushin jiki, a bar ƙashin mutum ya tsiro ya kama shi cikin makonni. Likitan Ingila John Charnley ne ya daidaita hanyar siminti a asibitin Wrightington a farkon shekarun 1960. Saboda tsufanta, wasu suna ɗaukar ta a matsayin tsohon yayi, masu tallan kaya kuma sun fi son sayar da marar siminti, wanda galibi ya fi tsada.

Sakamakon bincike bai goyi bayan wannan raini ba, musamman ga tsofaffi. A shekarar 2022 mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan mutum 1,225 masu shekara 60 zuwa sama da suka karye a wuyan ƙashin cinya. Waɗanda aka sa wa ƙarfe da siminti sun ɗan fi samun sauƙin rayuwa bayan wata huɗu, kuma karyewar ƙashi a gefen ƙarfen ta fi ƙaranci a cikinsu: kashi 0.5 cikin ɗari, a kan kashi 2.1 a ɗaya rukunin. Dalilin a fili yake. Ƙashin tsoho ya yi laushi, bugun da ake yi wajen cusa marar siminti na iya tsaga shi, siminti kuwa yana riƙe ƙarfen tun ranar farko, har mara lafiya ya samu ya taka da wuri. Tashi da wurin nan shi ne ke raba tsoho da gyambon kwanciya da ciwon huhu.

A Kudancin Kaduna, tsohuwar da ta zame a gangaren Kagoro ko manomin citta da ya faɗo daga babur a Kachia sau da yawa wurin mai ɗori ake fara kai su. Ɗori yana da inda yake amfani, amma karayar da ke cikin gaɓar kwatangwalo tana yanke jinin da ke ciyar da kan ƙashin, kuma ba a iya ɗaure ta daga waje. Kafin dangi su haɗa kuɗin mota zuwa Jos, ko Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, makonni sun wuce. Irin waɗannan mutane ne za su fi cin moriyar tiyata a Kafanchan.

Sai dai siminti yana da haɗarinsa. A lokacin da ake danna shi cikin ƙashi, jinin mara lafiya na iya faɗuwa, iskar jikinsa ta ragu, wani lokacin zuciya ta tsaya, musamman ga mai ciwon zuciya ko huhu. Maganin wannan shi ne ƙwararren likitan sa barci, na'urorin lura da bugun zuciya, wutar da ba ta ɗaukewa, da na'urar wanke cikin ƙashi kafin a zuba simintin. Kasafin da ya sayi ƙarfe ya manta da waɗannan ya sayi doki ne babu linzami.

Akwai kuma rukuni na biyu da lissafinsu ya bambanta, wato matasa masu ciwon sikila, waɗanda kan ƙashin cinyarsu ke mutuwa saboda toshewar jini. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo. Likitoci da dama sun fi zaɓar marar siminti a gare su, domin rahotanni sun nuna mai siminti ya fi saurin kwancewa a jikinsu, kuma ɗan shekara 25 zai buƙaci sake tiyata wata rana. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kimanin kashi 58 cikin ɗari na gaɓoɓin da aka dasa ne ke kai shekara 25. Don haka kwangilar da ta ɗaure asibiti da nau'i guda za ta cuci wani rukuni. A ajiye duka biyun, a bar zaɓi ga likita da mara lafiyarsa.

Alƙaluman da na kawo duk daga ƙasashen waje suke, inda ake zama a kujera, ba a tsugunno a gona ko a banɗaki, ba a durƙuso a masallaci da coci kamar yadda mutanenmu ke yi. Sun san sakamakonsu ne domin sun rubuta: Suwidin ta buɗe rajistar masu dashen kwatangwalo a 1979, Ingila da Wales suka bi a 2003. Sabon asibiti yana da damar da tsofaffi suka rasa, ta fara rajista tun daga mara lafiya na farko: irin ƙarfen, da siminti ko babu, wanda ya yi aikin, da halin da mutum yake ciki bayan shekara ɗaya, biyar da goma. Kuɗin wannan bai wuce albashin ma'aikaci da kwamfuta da katin waya ba.

Saboda haka, duk mataimakin da takardar sayen kayan Kafanchan ta zo hannunsa ya yi tambaya huɗu kafin ya tura ta gaba. Shin an tanadi nau'i biyun? Akwai likitan sa barci da ma'aikatan gashin ƙashi a jerin waɗanda za a ɗauka? Me aka tattauna da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa da takwararta ta Jihar Kaduna kan wanda zai biya kuɗin ƙarfen? Wa zai riƙe rajista? Idan babu amsa a rubuce, takardar ta koma inda ta fito a gyara.