Motar haya a Ingila: kada kunya ta sa mu miƙa makulli



A gida mun saba, ɗan'uwa zai ce "ara min mota in je in dawo", mu miƙa masa makulli ba tare da tambaya ba. Zumunci ne, amma a ganinmu bai dace da motar haya a Ingila ba.

Baƙo na iya tuƙi a can da lasisin Najeriya har wata 12, muddin bai ƙare ba. Sai dai inshorar motar haya ta waɗanda sunansu ke cikin takardar kamfani ce kaɗai. Idan 'yan sanda suka kama wani daban a sitiyari, ya yi tuƙi babu inshora ke nan: tarar fam 300, kuma suna da ikon tafiya da motar. In kuwa hatsari ne, kamfani na iya ɗora wa mai hayar kuɗin ɓarnar duka. Kuskure kuma ba wuya, domin ta hagu suke bi, hannun da muka bari tun 1972.

Saboda haka duk wanda zai tuƙa, a rubuta sunansa tun wurin karɓar mota, a biya ɗan ƙarin. Wanda babu sunansa, mu daure mu ba shi haƙuri.

Allah ya tsare hanya.