Motar da ke ajiye a gida: a ci gaba da biyan inshora ko a dakata?

Duk wanda ya zaga Malawa, Dungas ko Magarya ya san irin motocin da muke nufi: an ɗora su bisa duwatsu, an rufa musu tampol, kaji na kwana ƙarƙashi. Wasu tun rufe iyaka a ƙarshen Yulin 2023 aka jingine su, kuma ko da aka buɗe a Maris 2024 ba su sake tashi ba, don man Najeriya da muka saba sha da araha ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023. Wasu kuwa masu su na Kano, Agadas, Libiya ko Aljeriya. Tambayar da ake ta yi a tasha ita ce: motar da ba ta motsi, me ya sa za a biya mata asirans?

Dokar da ke aiki a Nijar ita ce ta CIMA, wadda muka haɗa da wasu ƙasashen Afirka tun yarjejeniyar Yawunde ta 1992. Aya ta 200 ta wajabta inshora ga wanda zai sa mota ko babur bisa hanya. Ke nan idan takardarka ta ƙare, motar kuma na cikin gida ba ta zuwa ko'ina, ba dole ba ne ka sabunta. Dama wannan inshorar ta dole ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Ba ruwanta da sata ko gobarar motarka.

Amma a nan gizo ke saƙa. A ƙauyukanmu wace mota ce ke ajiye da gaske? Makulli na hannun ƙane. Dare ɗaya naƙuda ta tsananta, a ce a kai mace asibitin Magarya. Ko ranar Alhamis a ce bari a leƙa kasuwar Maigatari da awaki biyu, ai yanzu za a dawo. Tarar jandarma ita ce ƙaramar magana. In aka kaɗe yaro ko fasinja ya karye, kuɗin magani da diyya kan mai mota da danginsa za su faɗo, har gona tana iya salwanta. Kuma kada a dogara da "na kira ajan, ya ce ba komai". Tun gyaran da aka yi wa aya ta 13 a 2011, sai kuɗi sun shiga hannun kamfani inshora ke fara aiki. Ƙetare iyaka ma ba mafaka ba ce: a Najeriya inshorar ƙaramar mota ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, ƴan sanda kuma sun matsa bincike tun Fabrairun 2025.

To wanda ya riga ya biya ta shekara, mota ta lalace a wata na biyu fa? Ajiye mota ba ya tsayar da kwangila da kansa. Kwanaki na ta tafiya. Sai ka je wurin kamfani ka nemi a dakatar, kuma amincewarsu ta danganta da abin da kuka sa wa hannu. In sun yarda, karɓi takarda mai kwanan wata. Mun san tafiya Damagaram don wannan kaɗai da nauyi, shi ya sa muke ganin ga motar da ba ta aiki sai da kaka, gara a sayi ta wata uku ko shida. In an lissafa wata-wata takan fi tsada, amma ba ka biya wa damina ba.

Sayarwa daban ce. Aya ta 41 ta ce kwana biyar bayan ciniki inshorar ta dakata da kanta, kuma in aka soke kwangila mai tsohuwar mota na da haƙƙin ragowar kuɗinsa. Mu kuwa mun saba a miƙa mota da takardunta duka, mai saye ya yi ta yawo da takardar da ta riga ta mutu bai sani ba.

Ƴan'uwa da ke waje, ku ne abin ya fi shafa, don sunanku ke kan takardun motar. Ko dai ku aiko da kuɗin asirans tare da na gero, a ɗauko muku hoton takardar ta WhatsApp ku ga ranar ƙarewa da idonku, ko kuma a cire batir, a kai makulli wurin baba.