Kumbo: Ina Za Mu Dosa, Gabas Ko Kudu?

Jama'a, duk tauraron ɗan-adam da Nijeriya ta mallaka, a bayan rokar wasu ya hau sama. NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta ƙasar Rasha aka harba shi a 2003. NigComSat-1 ya tashi daga Xichang ta ƙasar Sin a 2007, ya mutu a 2008 da faifan da ke tara masa hasken rana ya lalace, aka maye gurbinsa a 2011. Ko NigeriaSat-X, wanda injiniyoyinmu suka haɗa da hannunsu a Ingila, sai da aka kai shi Rasha a 2011 kafin ya ga sama. Hukumar NASRDA tana nan tun 1999, tana kuma da cibiyar nazarin roka a Epe ta Jihar Legas, amma har yau babu rokarmu da ta kai falaki.

Masu cewa Allah ya ba mu wuri ba su yi ƙarya ba. Kusa da tsakiyar duniya juyawar ƙasa na ba roka gudun kyauta na kimanin kilomita 1,670 a awa, in ta doshi gabas, daga cikin kusan 28,000 da take bukata. Dalilin ke nan da Faransa ta kafa filinta a Kourou, Italiya kuma ta yi harbi daga tekun Malindi ta Kenya tun 1967.

To, amma mai karatu ya dubi taswira. Kourou da Malindi duk teku ne a gabashinsu, don haka gangar da roka ta yar bayan man ta ya ƙare cikin ruwa take faɗawa. Mu fa? Gabas da Epe garuruwa ne da gonaki. Mutumin Betso a ƙasar Mubi ya san abin da ke gabashinsa: duwatsu, sai Kamaru. Wace gwamnati za ta yarda tarkacen maƙwabci ya riƙa sauka kan jama'arta? Kamfanin SpaceX na Amurka ya fara dawo da gindin rokarsa ƙasa lafiya a 2015, amma wannan aikin manya ne, ba na mai koyon tatata ba.

Kudu ita ce ƙofarmu. Daga gaɓar Legas babu komai sai Tekun Atlantika, kuma taurarin da ke ɗaukar hoton gonaki da ambaliya da gurgusowar hamada, irin su NigeriaSat, ta kan ƙuryar kudu da ta arewa suke kewaya duniya. Ƙanana ne, ƙaramar roka ta ishe su.

A 2016 ministan kimiyya na lokacin, Ogbonnaya Onu, ya ce za mu tura ɗan sama-jannati kafin 2030. A ganina wannan kujera ce da za a saya a kumbon wani. Kuɗin gara a zuba su a Epe, a gwada injin ƙaramar roka har ya daina fashewa.