Garmani Ya Ci Burtali: Ina Ruwan 'Yan Kasuwa?

Duk wanda ya bi hanyar Gabi zuwa dajin Baban Rafi a ƙarshen damina zai ga daji kore shar, har ya ce bana bisashe sun huta. To, ba ciyawa ba ce. Garmani ne, wannan tsiro mai ganye da gashi-gashi da ɗan fure rawaya, wanda saniya kan sunsuna ta wuce. Inda ya kafu, kyasuwa da komayya da gamba sai su ɓace.

Mu da ke zaune a rumfa muna iya cewa wannan matsalar Fulani ce. A'a, tamu ce. Idan makiyaya ta mutu, nonon da ake kawo mana ya ragu, mai fura ta ji a jikinta. Damin harawa ya hau, mai kiwon ragon layya ya ɗora kuɗin a kanmu. Idan kuma burtali ya toshe, garke ya faɗa gona, sai rigima, kuma ranar rigima ba a cin kasuwa.

Bisashen da kansu ke yaɗa irinsa a gashi da kofato da kashi, shi ya sa ya fi yawa a burtali da bakin mashaya, inda kiwo ya riga ya cinye ƙasa.

An sha yaƙarsa a jihar Maraɗi. Porje kan zo, a biya mutane kuɗi ko cimaka su tuge shi, a watsa irin ciyawa, wasu wurare a shuka yakuwa don ta danne shi. Aikin yana da kyau, ba mu raina ba. Amma garmani yana da lokaci: sai an tuge shi da saiwa kafin ya zuba 'ya'ya, wato a tsakiyar damina, daidai lokacin da kowa ke duƙe a gonarsa. Idan kuɗin suka makara har kaka, an share kara ne kawai, iri yana ƙasa yana jiran ruwan baɗi. Kuma shekara guda ba ta gama shi.

A nan ne 'yan sa kai ke da rana. Ɗan gari ne ke ganin inda tsiron ya fara leƙowa, shi ke iya sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji, a kira gayya tun yana ƙarami. Mun ga irin haka a sassaben zamani da ya fara a Maraɗi a 1983: manoma da kwamitocin ƙauye ne suka riƙe shi har itatuwa suka dawo gonaki. Kuma tun dokar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara, ƙauyukan Baban Rafi sun san aikin kula da daji.

Sai dai ɗan sa kai ba ya aiki da ciki wayam, ga kuma fargabar 'yan bindiga da ta hana shiga wasu sassan dajin. Abin da ake iya yi shi ne burtalin da ke kusa da gari. Ƙungiyoyin mahauta da dillalan bisashe da matan adashi suna iya ɗaukar abincin gayya na kwana biyu a watan Yuli, da hauya, da buhun irin yakuwa. Zoɓorodon da zai fito, mu ne dai za mu saye shi a tiya.