Nauyin Kunamar Libarba

A wannan wata za mu duba ƙaramar bindigar nan da yaranmu suke gani a finafinan Amurka, wadda Hausawa suke kira libarba.

Abin da ya bambanta ta da sauran bindigogi shi ne wata 'yar ganga mai juyawa a tsakiyarta, mai ramuka biyar ko shida, kowane rami da harsashinsa. Samuel Colt ne ya yi rajistar ƙirarta a Amurka a 1836. A tasa, sai mutum ya ja 'yar gudumar baya da babban yatsa kafin kowane harbi. A 1851 Robert Adams na Landan ya fito da wadda jan kunama kaɗai yake ɗaga gudumar, ya juya gangar, ya kuma saki gudumar. Daga baya aka haɗa hanyoyin biyu a bindiga guda. Irin wannan ake kira mai aiki biyu.

To, ga inda hikimar take. Yawancin libarba ba ta da maɓallin kullewa. Nauyin kunamar shi ne kariyarta. Kafin ta tashi, sai yatsa ya ja nauyin da ya kai wajen kilo 5. Amma in an riga an ɗana gudumar da hannu, kilo 2 ma ya isa.

A Amurka akwai maƙeran bindiga masu lasisi da suke yi wa libarba gyara na musamman. Sukan sake mata mariƙi da katako mai kyau daidai da tafin mai ita, su canza abin saiti, su yi mata zane, su kuma sassauta kunamar domin masu gasar harbi. Sai dai gyaran da ya fi jan hankalina akasin wannan ne. Rundunonin 'yan sandan New York da Los Angeles sun taɓa sa a gyara libarbobin jami'ansu yadda ba za a iya ɗana gudumar da hannu ba. Dalili kuwa, mutumin da yake cikin firgici, yatsansa a kan kunama mai laushi, yakan harbi wanda bai yi niyya ba. Wato ƙwararru da kansu sun zaɓi bindiga mai wuyar tashi.

Wannan shi ne abin da fim ba ya nuna wa yaranmu. Suna ganin jarumi ya zaro ya harba cikin ƙiftawar ido, ba sa ganin cewa waɗanda suka san makamin tsoron saurinsa suke yi. Iyaye, ku gaya wa yara: wanda ya tsinci bindiga kada ya taɓa, ya kira babba, babba kuma ya sanar da 'yan sanda. Harsashi in ya fita ba ya dawowa.

Sai wata mai zuwa.