Masu sana'ar hannu, ku fitar da lissafinku daga cikin saƙon murya

Ana saura mako uku Ƙaramar Sallah na je karɓar takalmina wurin wani baduku a cikin birnin Kano, sai na iske shi ya kara waya a kunne yana bin saƙonnin murya ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ne ya ba shi odar takalma dozin goma, har ya biya kafin alƙalami. Bayan kwana biyu ya turo saƙo cewa a mayar da dozin uku daga lamba 41 zuwa 43. Maigidan ya ji, ya amsa da to, amma mai yankan fata da ke aiki a wata unguwa bai samu labari ba. Aka yanka, aka ɗinka, aka ɗora tafi, sannan musu ya tashi. An kusa cinye awa guda kafin a tono saƙon, yana kwance tsakanin gaisuwar Juma'a da wani bidiyon barkwanci. Dozin ukun nan suka zama kwantai, ribar aikin gaba ɗaya ta bi ruwa.

Babu wanda ya yi ha'inci a wannan labari, kuma babu wanda bai iya aikinsa ba. Abin da ya faru shi ne magana ta tsaya a kunnen mutum ɗaya, alhali mutum huɗu ne ke buƙatarta. A ganina wannan ita ce babbar ɓarakar da ke tsiyayar da kuɗin ƙananan masana'antunmu, kuma maganinta yana cikin wayar da ke aljihunsu.

Duk wanda ya san yadda ake ƙera kaya a Arewa ya san da wuya mutum ɗaya ya fara abu ya gama shi. Shadda takan fito daga Kantin Kwari ta je hannun marini, ta wuce wurin mabugi, sannan ta isa ga tela da mai aikin wuya. A Panteka da ke Kaduna, mai yanka ƙarfe daban, mai walda daban, mai fenti daban. Haka abin yake ga masu takalman da ke kai kaya Kasuwar Ƙofar Wambai. Masana'anta ce guda, amma a warwatse cikin shaguna da zaurukan gidaje, kuma abin da ke riƙe da ita shi ne ƙwaƙwalwar maigida. Idan oda ba ta da yawa, ƙwaƙwalwa takan iya. Da zarar kasuwa ta buɗe sai ta fara zubarwa.

Shi ya sa nake da ja da irin horon da ake yawan bai wa masu sana'a. Kusan duk bitar da na halarta a matsayin ɗan jarida, darasin ɗaya ne: yadda za ka ɗauki hoto mai kyau, ka tallata kayanka a Facebook ko TikTok. Talla tana da amfani, amma oda take kawowa, ba ta koya maka yadda za ka riƙe ta. Wanda ya kasa bin diddigin oda goma, idan aka jawo masa hamsin, an ƙara masa abokan rigima ne kawai.

Abin da ya kamata a fara koyarwa shi ne jadawalin haɗin gwiwa, irin na Google Sheets ko Excel na intanet. Shafi ne mai layuka da gidaje kamar littafin akawu, sai dai yana ajiye a intanet, kuma mutane da yawa na iya buɗe shi a lokaci guda daga wayoyinsu. Kowace oda layi ɗaya: sunan mai kaya, abin da yake so, lamba ko awo, launi, adadi, kuɗin da ya bayar, cikon da ya rage, ranar alkawari, da hannun da aikin yake a yanzu. Da badukun nan yana da irin wannan, da zarar ya ji saƙo sai a goge 41 a rubuta 43, mai yanka ya gani kafin ya ɗauki wuƙa. Manhajar kuma tana adana tarihin kowane gyara, da wanda ya yi shi da lokacin da ya yi, don haka zancen "ban faɗa ba" da "ba ka faɗa mini ba" ya ƙare.

Kuɗin farawa bai taka kara ya karya ba. Duk mai asusun Google yana da ma'aji na gigabayit 15 kyauta, wanda ya ishi jadawali da ɗaruruwan hotunan samfuri. Ana iya saita jadawalin ya buɗe ko babu intanet, idan sabis ya dawo ya haɗe gyare-gyaren. Ita ma WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana ba da damar manna wa kowace hira alama, kamar sabuwar oda, an biya, ko an tura kaya. Ba cewa nake a bar WhatsApp ba. A ci gaba da ciniki da gaisawa a can, amma duk abin da aka tsayar a kwashe shi zuwa jadawali kafin a rufe shago.

Amfani na biyu ya fi na farko girma. Manyan ododi, kamar takalman ɗalibai na makaranta guda ko kujerun ajujuwa, sukan wuce ƙananan shaguna saboda babu mai iya ɗauka shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma haɗa hannu ma yakan watse idan ba a san wanda ya yi me ba. Shago biyar za su iya raba oda ɗaya idan akwai shafi guda da ke nuna rabon kowa, kayan aikin da ya karɓa, adadin da ya kawo da abin da yake bi. Haka nan za su iya haɗa kuɗi su sari fata ko gam ko ƙarfe a farashin sari, kowa yana ganin lissafin da idonsa. Yawancin haɗakar da na ga ta rushe, zargi ne ya rusa ta, zargi kuwa a duhu yake girma.

Na uku shi ne jari. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, masu sana'a da dama suka koma karɓar kuɗi ta taransifa. Sai dai asusun da kuɗin kwastoma ke shiga shi ne na cefane da gudummawar biki. Ranar da mutum ya nemi rance a Bankin Masana'antu ko wani bankin 'yan kasuwa, za a tambaye shi shaidar abin da yake sayarwa da abin da yake kashewa. Jadawalin shekara guda da ya dace da bayanan asusun banki hujja ce da za a iya dubawa. Saƙon murya dubu ba zai tsaya a matsayinta ba.

Na san abin da za a ce. Na farko, masu gida da yawa ba su yi boko ba. Gaskiya ne, amma da wuya ka samu shagon da babu yaro ko ɗa da ya gama sakandare, kuma ga matasa masu difiloma suna zaman kashe wando. Matashi ɗaya zai iya riƙe wa shaguna biyar lissafi a biya shi duk wata. Maigidan da ya fi sakewa da ajami ya rubuta a littafinsa, a ɗauki hoton shafin, akawu ya shigar.

Na biyu, tsoron tonon asiri, kada yaro ya kwashe sunayen kwastomomi ya buɗe nasa shagon. Wannan tsoro yana da tushe, amma manhajar ta tanadi maganinsa. Mai jadawali ne ke zaɓar wanda zai iya gyara da wanda zai duba kawai, kuma yana iya janye izinin a duk lokacin da ya so. Sai a raba shafi biyu: na aiki, wanda ma'aikata ke gani, da na kuɗi da lambobin waya, wanda ke hannun maigida da akawunsa.

Na uku, intanet ɗin kanta ba abar dogaro ba ce. Ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A Satumban shekarar kuma an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Ga tsadar data, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince da shi a farkon 2025. Ga kuma 'yan damfara da ke kiran mutum su yaudare shi ya karanto musu lambobi shida, su ƙwace masa WhatsApp. Duk wannan dalili ne na yin hattara: a riƙa buga jadawalin a takarda duk ƙarshen mako, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kuma a buɗe asusun da sunan sana'a, kada ya zama na yaron da zai iya tafiya gobe. A lura kuma, rubutu a jadawali bai kai saƙon murya da bidiyo cin data ba.

Kirana ga hukumomi irin su SMEDAN da NITDA, da shugabannin ƙungiyoyin masu sana'a, shi ne su sauya tsarin bita. Maimakon tara mutane a otal a raba musu takardar shaida, a shiga kasuwa, a zauna a shago, a shigar da ododin wannan makon na gaskiya tare da maigida da yaransa, cikin Hausa, sannan a dawo bayan wata guda a ga ko ana ci gaba. Wanda ya ga jadawali ya hana shi asarar dozin uku, ba sai an roƙe shi ya riƙe shi ba.

Shi kuwa badukun nawa, da na koma bayan Sallah na tarar ƙanensa ya buɗe masa jadawali mai gida takwas a waya. Har yanzu yana sauraron saƙon murya, sai dai da ya gama ji yakan juya ya ce, "Kai, rubuta."